Alhada: Ƙauyen Kan Dutse Da Ke Saman Makka



Da wuya a sami gidan Bahaushe a Makka ko Jidda wanda bai taɓa kwasar iyali a lokacin zafi ya hau dutse zuwa Alhada ba. Mukan je da shimfiɗa da tukunyar shinkafa, yara su kalli birai, a sha iska, in dare ya yi a gangaro gida. Amma kwanakin baya da na tambayi wasu samarinmu, waɗanda a nan aka haife su, ko su wane ne mutanen wannan wuri, kuma daga ina ruwan Ainu Zubaida yake tasowa, babu wanda ya iya ba ni amsa. Abin ya tsaya mini a rai. Lokacin da nake karatun injiniya a Turai na ga yadda ƙaramin ƙauye na kan dutse yake da littafinsa, an rubuta tsayinsa da tarihinsa da sana'ar mutanensa, kowane yaro ya sani. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan tattara abin da na sani game da Alhada, domin amfanin iyalanmu, musamman masu tasowa.

Inda Alhada take

Alhada tana cikin lardin Makka, a ƙarƙashin hukumar Ɗa'ifa. Tana kimanin kilomita 20 daga birnin Ɗa'ifa ta wajen yamma maso arewa, a daidai bakin gangaren Dutsen Kara. Wanda ya taso daga Makka yakan wuce ta gefen Arfa, ya bi kwarin Wadi Na'aman, ya iso ƙauyen Alkur a gindin dutse, daga nan sai hawa. Duka tafiyar daga Makka zuwa Ɗa'ifa ta wannan hanya ba ta kai kilomita 100 ba.

Makka tana kan tsayin kimanin mita 277 daga doron teku. Ɗa'ifa tana kan mita 1,879. Ita kuwa Alhada ta kai wajen mita 2,000. Don mai karatu ya gane wannan tsayi, garin Jos da muke yi wa kirari da sanyi yana kan kimanin mita 1,200 ne kawai. Abin da ya yi daidai da Alhada a ƙasashenmu shi ne ƙololuwar Dutsen Bagzan a ƙasar Azbin, wanda shi ne wuri mafi tsayi a Nijar, mai mita 2,022.

Dutsen Kara yanki ne na jerin tsaunukan Sarawat, waɗanda suka miƙe a gefen Bahar Maliya har cikin Yaman. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasar Larabawa ta fara rabuwa da nahiyar Afirka, tsagar da ke tsakani ta zama Bahar Maliya, gefen ƙasar kuma ya ɗago sama. Wannan ne dalilin da ya sa ta wajen yamma dutsen ya tsaya ƙyam kamar katanga a kan filin Tihama, amma ta wajen gabas sai ya riƙa gangarewa a hankali zuwa Najadu. Yawancin duwatsun wurin masu tauri ne, irin na Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara, waɗanda masana ke kira giranit.

Me ya sa ake sanyi a can?

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Iska tana raguwa da nauyi yayin da ake hawa sama, kuma iskar da ta hau takan buɗe ta huce. A matsakaicin lissafi, duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Tsakanin Makka da Alhada akwai bambancin mita 1,700, wato kimanin digiri 11. Ranar da Makka ta kai digiri 43, sai ka tarar Alhada ba ta wuce 32 ba, da dare kuma ta ƙara sauka. Wanda ya tuna aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka kuma alhazai sama da 1,300 suka rasu, ya san cewa digiri 11 ba abin wasa ba ne.

Haka nan batun hazo. Iska mai laima takan taso daga Bahar Maliya, ta ratsa Tihama, ta ci karo da katangar dutse. Tun da ba ta da hanya sai sama, takan hau ta huce, laimar da ke cikinta ta zama gajimare a daidai bakin dutsen. Wannan hazo ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura da busar da leɓe. Shi jiƙa mutum yake yi, kuma wani lokaci direba ba ya ganin motar da ke gabansa. Wannan laima ce take raya itacen ar'ar da ya rufe gangaren, ita ce kuma ta sa ruwan sama ya fi yawa a nan bisa Makka, wadda abin da take samu a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba.

Ga wani abu da uwayen gida suka sha lura da shi ba tare da sanin dalili ba. A Alhada shinkafa da wake sukan daɗe ba su nuna ba. Laifin ba na mai girki ba ne. A tsayin mita 2,000 ruwa yana tafasa a kimanin digiri 93 maimakon 100, don haka duk yadda aka ƙara wuta, ruwan ba zai wuce nan ba. Sai dai a ƙara lokaci ko a yi amfani da tukunya mai matse tururi.

Mutanen wurin

Alhada ba gari guda ba ce mai ganuwa da ƙofa. Tarin ƙananan ƙauyuka ne warwatse a cikin kwaruruka, kamar Alkummal da Al'a'amaƙ da Algadiraini da ƙauyukan Wadi Muhrim, kowane da gonakinsa da rijiyoyinsa. Mutanen asali na wurin su ne Ƙuraishawan da suka daɗe da zama a tsaunukan Ɗa'ifa, da rassan ƙabilar Saƙif kamar Annumur da Ɗuwairiƙ. A gangaren yamma da Wadi Na'aman kuwa ƙabilar Huzail ce, wadda malaman lugga na farko suke kafa hujja da Larabcinta. Saƙif dai ita ce ƙabilar da Manzon Allah (SAW) ya je wa da kira a shekara ta goma bayan aike, suka ƙi karɓa a lokacin, daga baya suka musulunta a shekara ta 9 bayan Hijira. A Ɗa'ifa ne kuma kabarin Abdullahi ɗan Abbas (RA) yake, wanda ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira.

Ƙidayar da aka yi a Saudiyya a 2022 ta nuna cewa hukumar Ɗa'ifa baki ɗaya, har da Alhada da Asshafa da sauran ƙauyuka, tana da mutum sama da 900,000, birnin Makka kuma yana da kusan miliyan 2.4. Mazauna Alhada na dindindin ɗan ƙaramin kaso ne na wancan adadi, amma yawan jama'ar wurin yana hawa da sauka da yanayi. Da sanyi za ka ga gidaje da yawa a rufe. Da zarar an yi hutun makaranta na bazara sai wurin ya cika maƙil da mutanen Makka da Jidda da Riyad da ƙasashen Tekun Fasha. Bayan waɗannan akwai ma'aikata baƙi da ke aiki a gonaki da otal-otal, da ma'aikatan asibitin sojoji da ke wurin.

Wannan al'ada ta hawa dutse lokacin zafi tsohuwa ce ƙwarai. Tun kafin Musulunci attajiran Makka suna da gonakin inabi a Ɗa'ifa. A zamanin Saudiyya ma gwamnati ta daɗe tana komawa can da bazara, kuma a yankin Ɗa'ifa ne Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Mu Hausawa da kakanninmu suka taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan, wasu tun bayan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, muka zauna a Jarwal da Misfala da Hindawiyya, mun tarar da wannan al'ada muka ɗauka.

Ƙaramin wuri ne, amma tarihi ya sha ratsawa ta cikinsa. A 1814 wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt ya hau Dutsen Kara a kan hanyarsa ta zuwa ganin Muhammadu Ali Basha a Ɗa'ifa, ya tarar da gidajen dutse da itatuwan marmari, ya kuma ɗauki wurin a matsayin mafi kyawun abin da ya gani a Hijaz. A watan Satumba na 1924 a Alhada ne mayaƙan Sarki Abdul'aziz suka karya rundunar Sharif Ali ɗan Husaini, abin da ya buɗe musu hanyar shiga Makka a watan Oktoba na shekarar. Sannan daga 1990 zuwa 1991, lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwait, a otal ɗin Sheraton na Alhada ne Sarkin Kuwait Jabir Al'ahmad da gwamnatinsa suka zauna.

Ruwa da gonaki

A matsayina na injiniya, abin da ya fi burge ni a Alhada shi ne yadda mutanen dā suka sarrafa ruwa. A kan gangare ruwan sama ba ya tsayawa, yakan kwashe ƙasa ya tafi da ita. Sai suka riƙa jera duwatsu ba tare da siminti ba, suna yin katanga a kwance bisa gangaren, su cika bayanta da ƙasa, gona ta zama kamar matakalar bene. Kowace matakala tana rage gudun ruwa, ta ba shi lokaci ya nutse, ragowar ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu zuwa ta ƙasa. Ruwan da ya nutse shi ne yake cika rijiyoyin kwari. A kan waɗannan gonaki ake samun inabi da rumman da ɓaure da mishmish da barshumi, wato 'ya'yan nan masu ƙaya da ake sayarwa a bakin hanya, ga kuma zuma.

Wannan fasaha ta riƙe ruwa ta daɗe a yankin. A gabashin Ɗa'ifa akwai madatsar ruwa ta Saisad, wadda rubutun da ke jikin dutsenta ya nuna an gina ta ne don Halifa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira, wato wajen 677 Miladiyya, kuma har yau tana tsaye.

Ruwan da ya gangara ta yammacin Dutsen Kara kuwa yakan shige cikin yashin Wadi Na'aman. Nan ne tushen Ainu Zubaida. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a 831 Miladiyya, ta ga wahalar da alhazai ke sha wajen ruwa, sai ta sa aka haƙa magudana a ƙarƙashin ƙasa wadda take tattara ruwan da ke cikin yashi, ta kai shi Arfa da Muzdalifa har kusa da Mina. An yi wa magudanar rijiyoyi a jere don shiga yin yasa da gyara. Babu inji, babu famfo, gangare kawai aka auna daidai, ruwa yana tafiya da kansa. Wannan aiki ya shayar da alhazai sama da shekara dubu. Duk kakanmu da ya tsaya a Arfa kafin zamanin famfo, akwai kyakkyawan zato cewa ruwan Dutsen Kara ya sha.

Yau kuwa abin ya juya. Maimakon ruwa ya sauko daga dutse zuwa Makka, ruwan teku ake tacewa a Shu'aiba a turo shi da famfo zuwa Makka har Ɗa'ifa. Ɗaga ruwa lita 1,000 zuwa tsayin mita 1,800 yana cin wutar lantarki aƙalla kilowat 5 na awa guda, ban da abin da aka kashe wajen tacewa da abin da ke ɓacewa a bututu. Ya kamata mu tuna da wannan in mun ga yaro ya bar famfo a buɗe a gidan hutu.

Furen wardi

Abin da ya fi fito da sunan Alhada a duniya shi ne wardi. Irin da ake shukawa a nan da Asshafa da Wadi Muhrim shi ne wardin Dimashƙa mai ganyen fure talatin. Wasu na cewa Turkawan Usmaniyya ne suka kawo shi daga yankin Balkan, wasu na cewa daga Farisa ko Indiya ya zo. Ana yi wa itacen aski a tsakiyar sanyi, sai ya yi fure sau ɗaya a shekara, daga watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu. Ana tsinkar furen ne daga asuba zuwa hantsi, domin da rana ta yi zafi man da ke cikinsa yakan bi iska.

Yadda ake fitar da turaren shi ne, a zuba fure tsakanin 10,000 zuwa 15,000 a babbar tukunyar tagulla, a ƙara ruwa, a rufe a liƙe bakin, a hura wuta a hankali na tsawon awoyi. Tururin yakan bi ta wani bututu da ya ratsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga cikin babbar kwalba. Man yakan taso sama a kwashe shi. Abin da duk wannan fure zai bayar bai wuce tola ɗaya ba, wato kimanin giram 12. Shi ya sa in aka tallata maka man wardin Ɗa'ifa da araha a bakin hanya, ka san an gauraya shi. Ruwan da ya rage shi ne ruwan wardi, kuma hawa-hawa ne: na farko mai ƙarfi ana kiransa Al'arus, wato amarya, sai Assinu, sai Assayir. Da ruwan Zamzam da wardin Ɗa'ifa ake wanke cikin ɗakin Ka'aba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun da suka shafi wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon 'yan Adam.

Hanyar Dutsen Kara

Kafin zuwan mota, hanya biyu ce ake bi a hau dutsen, ta masu ƙafa da ta raƙuma, waɗanda aka shimfiɗa wa duwatsu kamar matakala. Har yanzu ana ganin ragowarsu daga cikin telefirik, wato akwatin nan mai tafiya a kan waya, wanda yake sauka daga Alhada zuwa Alkur, tazarar kilomita 4 da 'yan kai. Motoci a dā sai sun zagaya ta Assailul Kabir. An fara fasa hanyar mota a zamanin Sarki Sa'ud, kamfanin Muhammad bin Ladin ne ya yi aikin, Sarki Faisal ya buɗe ta a 1965. Daga baya an faɗaɗa ta zuwa hannu biyu, kuma a farkon 2025 an rufe ta na wasu makonni don gyara. Hukuma takan rufe ta in hazo ya yi yawa ko ruwan sama ya sa duwatsu zubowa, manyan motocin kaya kuma ta Assail ake tura su.

A cikin kimanin kilomita 20 hanyar tana hawa sama da mita 1,000, da kwana-kwana masu yawan gaske. A nan nake so 'yan uwa direbobi su saurare ni. A hawa, injin mota yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa a saman dutsen saboda ƙarancin iska, don haka a duba ruwan lagireto kafin a tashi. Amma haɗarin gaske a sauka yake. Duk nauyin mota da mutanen cikinta, in aka riƙe shi da birki kaɗai, zafi yake zama a jikin birkin. In zafin ya yi yawa man birki yakan tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Ni kaina wata shekara na sauko da iyali a motar da na ara, na dogara da birki, kafin mu kai rabi sai warin ƙauri ya cika motar. Allah Ya kiyaye na sami wurin tsayawa. Maganin shi ne a sa mota a ƙaramar giya, ta biyu ko ta uku, ko da mai canza giya da kanta ce, a bar injin ya riƙe ta, a riƙa taɓa birki jefi-jefi. Kada a taɓa sakin mota ba giya don tsimin mai.

Sai batun birai, irin waɗanda muke kira bika. Tsayawa a kan kwana don jefa musu ayaba yana jawo haɗari, kuma ya koya musu fizge abinci daga hannun yara. A rufe gilashi, a kalle su daga nesa.

Miƙatin Wadi Muhrim

Tsakanin Alhada da Ɗa'ifa akwai masallacin miƙati na Wadi Muhrim. Miƙatin da Manzon Allah (SAW) ya sanya wa mutanen Najadu da duk wanda ya biyo ta nan shi ne Ƙarnul Manazil, wanda a yau ake kira Assailul Kabir, malamai kuma sun bayyana cewa Wadi Muhrim shi ne saman wannan kwari. Saboda haka wanda ya je Ɗa'ifa, ya juyo ta hanyar Kara da niyyar yin Umra, a nan zai ɗauki harami, kada ya wuce. Yana da kyau mai irin wannan niyya ya taho da tufafin haraminsa tun daga gida, sauran hukunce-hukuncen kuma ya tuntuɓi malamai.

Abin da ke neman ɓacewa

Wanda ya san Alhada shekara talatin da suka wuce zai ga canji. Gonaki da dama sun zama gidajen haya da wuraren wasan yara. Matasan ƙauyukan sun koma birni aikin albashi. Katangar gona kuwa in ba a gyara ta bayan kowace damina ba, dutse ɗaya ne zai zame, ruwa ya sami ƙofa, a shekara kaɗan ƙasar da aka tara a ƙarni da yawa ta bi kwari. In gonakin matakala suka rushe, ruwa ba zai nutse ba, rijiyoyi su ƙafe, ambaliya kuma ta ƙara ƙarfi a kan hanya da Wadi Na'aman. Wardi ne ya tsira saboda yana kawo kuɗi, amma tsofaffin gidajen dutse da hasumiyoyin tsaro da hanyar raƙuma ba su da mai sayensu. Mu da muka ga yadda ganuwar Kano take zaizayewa a gaban idonmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mu baƙi ne a wannan dutse, amma akwai abin da ke hannunmu. Kada mu bar leda da kwalba a inda muka zauna. Kada mu karya itacen ar'ar don gasa nama, domin itace ne mai jinkirin girma, kuma doka ta hana. Mu sayi rumman da ruwan wardi daga hannun manoman wurin. In hali ya yi, a kai yara a watan Afrilu da sassafe su ga tsinkar fure da tukwanen tagulla, a tsaya da su a Arfa a nuna musu ragowar magudanar Zubaida a gindin Dutsen Rahama, sannan a nuna musu dutsen da ruwan yake fitowa. Yaron da ya koyi tambayar asalin wurin da yake zaune, shi ne gobe zai tambayi asalin garin kakansa.

Allah Ya tsare mu a hawa da sauka, Ya albarkaci zuriyarmu a duk inda suke. Wassalamu alaikum.